Kawu Narkau da Cokalin Mai

Kawuna ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a kamfanin haɗa magunguna, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa haɗa abin da ke warkar da kowa ba. Ba ni na faɗa ba, shi yake faɗa da bakinsa, har da ɗan alfahari. In ka buɗe kwalin magani ka zaro takardar nan mai ƙananan rubutu, wadda ake nannaɗewa kamar ba a so a karanta, za ka ga sunan sinadarin da ke kashe cutar a sama da manyan baƙaƙe. Can ƙasa, bayan an gama lissafa jiri da amai da sauran abubuwan da ka iya samunka, akwai layi biyu da aka yi wa take da "sauran kayan haɗi marasa aiki". To, a layi biyun nan Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa.

Aikinsa kitse ne, da mai, da kaki. Yadda ya sha yi mana bayani, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba, shi ne akwai sinadaran magani da yawa da ba sa ga maciji da ruwa. In ka haɗiye su haka nan, sai su bi ta cikinka su wuce kamar baƙon da ya zo bai tarar da kowa a gida ba. Dole a nema musu abin hawa da zai kai su cikin jini, kuma sau da yawa abin hawan nan mai ne. Wani maganin a narka shi a mai a ɗura a kafso mai laushi, wani a dama shi da kaki ya zama na shafawa. Saboda kullum yana tsaye kan tukunya yana narka wani abu, abokan aikinsa suka sa masa Narkau. Sunan ya biyo shi har gida. Mutum ne dogo siriri, wuyansa kamar marfin biro, wanda in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa wucewa ta kusa da kitse ba.

Yadda ya faɗa wannan ɓangare ma abin a faɗa ne. Su huɗu aka ɗauka aiki rana ɗaya, duk sun karanta ilimin sinadarai. Da aka kira su ofishin manaja don a raba musu wurare, Kawu ya tsaya ya riƙe wa sauran ƙofa. Na farko ya ɗauki ɗakin gwaji mai sanyi, na biyu ya ɗauki ɓangaren ƙwayoyi, na uku maganin ruwa na yara. Kafin Kawu ya rufe ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara, ɗakin mai kaɗai ya rage.

Na taɓa shiga ɗakin sau ɗaya, ina babba, ranar da na kai masa tabaransa da ya manta. A ƙasa yake, ƙarshen wani dogon lungu. Tukwanen ƙarfe uku ne manya, kowacce da ruwan zafi yana zagaya jikinta, da wani ludayi na inji yana juyawa a hankali a ciki. Wurin yana warin kyandir da kwakwa. Daɓen kuwa, ko sau nawa aka goge, sai ka yi tafiya kamar mai koyon tsayuwa. Kawu yana tsakiya da farar riga da hular leda da takalmin roba, ma'aunin zafi a aljihun ƙirjinsa inda wasu ke sa biro. Ranar na gan shi a tsaye sosai, ba ya duƙar da kai kamar yadda yake yi a gida.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai, kuma abin da ya fi jawo mana kunya, shi ne maganin da ake cusawa ta ƙasa, na masu basir da na jariran da zazzaɓi ya hana su haɗiye komai. Kitsen da ake yin sa da shi sai ya zauna a daskare a kan kantar mai shago komai zafin gari, amma da ya shiga jikin mutum ya narke. Kawu yakan ce digiri biyu ne tsakanin magani da kyandir. Yakan faɗi haka a kan abinci.

Lokacin da ya je neman auren matarsa, wadda muke kira Inna, mahaifinta tsohon malamin makaranta ne mai son a yi masa bayani dalla-dalla. Ya zaunar da Kawu ya ce, "An ce kana haɗa magani. Wane iri?"

Kawu ya gyara zama ya faɗa masa. Bai rage komai ba, har da siffar abin, da dalilin da ya sa ake yi masa tsini a gefe ɗaya.

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga baya ya ce, "To, kowa da abin da Allah ya hore masa." Ya ba shi 'yar, amma har ya rasu, duk wanda ya tambaye shi sana'ar surukinsa sai ya ce, "Yana harkar lafiya," ya sako wata maganar.

Inna ta gaji wannan amsa ta ƙara mata ado. A wurinta mijinta "yana ɓangaren bincike". Mahaifiyata kuwa, wadda ita ce yayarsa, Likita take kiransa in akwai baƙi, in babu ta koma kiransa Auta. Wannan ya sa maƙwabta suka riƙa kawo masa kumburarrun ƙafafu da yara masu tari. Kullum amsarsa ɗaya ce, su je asibiti, shi bai san cuta ba, kitse ya sani. Unguwa ta yanke hukunci cewa mutumin yana da ilimi amma rowa ta yi masa yawa.

A gida ma ba a tsira ba. In Inna ta sayo man shafawa mai tsada, sai ya lakata ya murza tsakanin yatsu biyu ya ce, "Kakin zuma ne da man ma'adini, sai turare. Kwalbar kika saya." In yaransa suka kawo cakulan da ya narke a aljihu ya sake daskarewa ya yi fari-fari, ba zai bari su ci ba sai ya yi musu bayanin yadda man koko ke daskarewa ta hanyoyi daban-daban. Yaran suka koyi cinye abinsu a bakin ƙofa kafin su shigo.

Sau ɗaya a rayuwarsa aikin ya kusa fito da shi fili. Kamfanin ya samo wani sabon sinadari na ciwon gaɓoɓi, fari kamar alli, aka kuma ɗauko wani matashi mai manyan takardu ya jagoranci aikin. Ma'aikata suna kiransa Sabon Dakta. Ya matse garin ya yi ƙwayoyi kyawawa, aka gwada, aka duba jini, ba a ga ko alamar maganin ba. Ya sake niƙa shi ya yi laushi, haka. Bayan wata biyar wani tsohon ma'aikaci ya ba shi shawara ya sauka ƙasa ya ga Narkau. Ya sauka da takalminsa mai sheƙi, kuma a bakin ƙofar ɗakin mai ya zame ya zauna daɓas. Kawu ya ce daga nan ƙasa suka fara tattaunawa, shi ya sa suka fahimci juna da wuri.

Wata goma sha huɗu Kawu ya yi yana haɗe-haɗe. Yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta kowane haɗi da lambarsa. Wani ya rabu biyu bayan kwana uku, wani ya yi tsami, wani ya cinye bawon kafson ya tsiyaye. Haɗi na ɗari da tamanin da bakwai ne ya yi. Wani mai ne da aka tace daga kwakwa, da ɗan wani abu mai kama da sabulu. In aka ɗiga shi a ruwa mai ɗumi, nan take sai ya watse ya zama fari kamar madara, ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, kowanne ɗauke da maganin. Ranar ya dawo gida da wuri, ya ce wa Inna, "Ya yi madara." Ta ce masa akwai ta gwangwani a kabad in shayi yake so.

Maganin ya fita kasuwa, ya kuma yi aiki. Sabon Dakta ba mugun mutum ba ne. A jawabinsa na ranar ƙaddamarwa ya gode wa "ma'aikatanmu na ƙasa", kuma ba a ce ya yi ƙarya ba, tunda ɗakin a ƙasa yake. Aka ɗauki hoto aka rataye a zauren shiga. Kawu yana can gefe, mai hoto ya yanke shi, saura kafaɗa ɗaya da kunne. Duk ɗan'uwan da ya kai masa ziyara wurin aiki sai ya ja shi gaban hoton ya nuna masa kunnen. Ban taɓa gane ko wasa yake yi ba.

Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya fara sayo kitsen a haɗe cikin durom daga wani wuri, ɗakin mai ya zama ma'ajiyar kwalaye. Da labari ya zo masa, abin da kawai ya tambaya shi ne ko sun samu sun goge daɓen.

Shekara biyu da ritaya ya fara haki in ya hau bene. Ni na kai shi asibiti, don ni ce mai mota a kusa, yaransa duk aiki ya watsa su. Aka auna, aka ɗebi jini. Likitan zuciya, wani mai saurin magana da ba ya ɗaga kai daga takarda, ya ce kitse ya yi yawa a jininsa.

Kawu ya dubi hannayensa da ba su da komai sai jijiya. Ya ce, "A ina?"

"A jini, Baba. Ba sai mutum yana da ƙiba ba. A rage mai, a rage soye-soye."

Kuskuren da aka yi shi ne Inna tana ɗakin. Likita ya ce a rage, ita kuwa ta ji an ce a hana. Sama da shekara talatin tana zaune da mutumin da ke gyara mata bayanin duk abin da ke da maiƙo a gidanta, yau ga hukuma ta miƙa mata ragama. Kafin la'asar ta kwashe man girki, da man shanu, da madarar gari, ta kulle a kabad ta rataya makullin a wuya. Abincin Kawu ya koma dafaffen kifi, dafaffen ganye, da shinkafa fara mai kallon mutum. Ko ƙwai sai an cire masa gwaiduwa. Ya ci bai yi gardama ba, don ya san ƙaunarsa ce ta sa, ya kuma san gardamar ba ta da amfani.

Ana cikin haka sai makenkero ya kama shi, ciwon fatar nan mai zobe-zobe da ƙaiƙayi, wanda aka fi sani a kan yaran firamare. Wataƙila a wurin aski ya ɗauko. Ya fara daga ƙeya, ya gangara baya, ya shiga cikin gashi. Man shafawa bai yi ba, sai likitan fata ya rubuta masa ƙwayoyi na sati shida. Dattijo mai shekara sittin da bakwai ya koma yana goga bayansa a jikin ƙofa in ya ga ba kowa.

Ranar da aka kawo ƙwayoyin ya karanta sunan sinadarin a kwali, ya ce, "Uwar yara, wannan maganin sai da mai."

Inna tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. "Haka ne, Malam."

"Da gaske nake. Ba ya narkewa a ruwa. In ba a ci abu mai maiƙo tare da shi ba, kaɗan ne zai shiga jini."

"To."

"Ko rabin kofin madara ne. Ko ƙwai da gwaiduwarsa."

Ta ajiye tiren ta dube shi da tausayi. "Malam, na san abincin nan ba daɗi. Ni ma da nake dafawa na sani. Amma ka rasa dabarar da za ka yi min sai wannan?"

Matsalar Kawu ita ce gaskiyarsa ta yi kama da ƙaryar da duk wani mai kwaɗayi zai yi. Ya nemi takardar cikin kwalin don ya nuna mata, ashe ta jefar, ta ce takardun nan ba abin da suke yi sai tsorata mutane. Ya kira babban ɗansa a waya, ɗan ya yi dariya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri ka bi dokar Mama." Mahaifiyata ta zo dubiya, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Auta, tun kana yaro kake lashe cokali." Ni kaina da ya faɗa min, na ce masa zan bincika, ban kuma bincika ba.

Sati uku ya sha ƙwayoyin da ruwa da dafaffen ganye. Makenkero ya ƙara faɗi, ya samu ƙanne a kafaɗa.

Sai ya yanke shawarar yin abin da ya iya. Wata safiya Inna ta shiga wanka ta bar makullin a kan teburi. Ya buɗe kabad, ya jera kofi biyu na gilashi, ya daka ƙwaya biyu da bayan cokali. Ɗaya ya zuba a ruwa, garin ya taso sama ya tsaya yana yawo kamar ƙurar alli. Ɗayan zai zuba a mai, don in ta fito ta ga bambanci da idonta. Ya tsiyayi man a cokali ya ɗaga sama yana duba shi a hasken taga, kamar yadda ya saba yi shekara talatin da huɗu. A haka ta fito ta same shi, kabad a buɗe, cokalin mai a daidai bakinsa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi cokalin ta mayar da man cikin kwalba ba tare da ɗigo ya zuba ba. Ta ce, "Ban taɓa zaton za ka kai ga sata ba."

"Gwaji nake yi."

"Na gani."

Da rana ta kira ni a waya tana kuka ƙasa-ƙasa, wai in zo in yi wa kawuna magana, so yake ya kashe kansa ya bar ta.

Da sati shida suka cika muka koma asibiti mu uku. Likitan fata ya duba bayan, ya ce abin da taurin kai, ya sake rubuta wasu sati shida. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta taɓa gwiwarsa, ya rufe. Muka gangara tagar karɓar magani. Wata yarinya ce a wurin da farar riga, ba za ta wuce sa'ar autarsu ba, tana tauna cingam a ɓoye. Ta miƙo kwalayen, ta ce cikin muryar wanda ya faɗi abu sau hamsin tun safe, "Ɗaya kullum, bayan abinci mai ɗan maiƙo. Madara ko ƙwai ko abin da aka soya."

Inna ta matso. "Me kika ce, 'yata?"

"Da abinci mai maiƙo, Mama. In ba haka ba ba ya shiga jiki sosai. Ba a faɗa muku ba wancan karon?"

"Amma an hana shi mai."

"Cokali ɗaya ba zai yi masa komai ba. Ku dai faɗa wa likitan zuciyarsa." Ta leƙa bayanmu. "Na gaba."

Na juya na kalli Kawu. Na zaci zai yi murmushi, ko ya ce wani abu. Sai ya sunkuya ta tagar ya tambayi yarinyar ko ta san dalilin da ya sa haka. Ta ce haka aka rubuta a kwamfuta. Ya gyaɗa kai ya yi mata godiya.

A mota muka wuce shataletale biyu. Sannan Inna ta ce, "Yarinyar nan ta san aikinta. Allah ya yi mata albarka. Da ba ta faɗa ba, da haka za mu yi ta zama cikin duhu."

Kawu yana kujerar baya yana soshe ƙeya. Ya ce, "Amin."

Tun daga ranar, kullum da rana Inna takan buɗe kabad ta auna mai cokali ɗaya, ta shafe bakin cokalin da wuƙa don kada ya yi tozo, ta zuba masa a kan shinkafa, ta tsaya har ya haɗiye ƙwayar. Ta je da kanta ta tambayi likitan zuciya, ya ce ba laifi. A sati na uku zobban suka fara bushewa, a na biyar suka ɓace, gashin ƙeyar ya fara tsirowa. Ranar da ƙwaya ta ƙarshe ta ƙare, ranar cokalin ya koma cikin aljihun kabad.

Yanzu Inna ce masaniyar unguwa a kan wannan fanni. Duk matar da ta shigo da ledar magani sai ta karɓa ta jujjuya ta tambaya, "An ce miki da mai ko ba mai? Ki koma ki tambaya. Akwai maganin da in ba maiƙo, wucewa kawai yake yi." Ranar nan ina zaune tana yi wa matar mai gyaran rediyo wannan bayani, Kawu yana gefe da farantin dafaffen kifinsa. Ya saurara har ta kai tsakiya, sannan ya yi gyaran murya ya ce ba kowane magani ba ne, akwai ma wanda maiƙo ke hana shi aiki.

Inna ta ce, "Malam, ci abincinka. Mu daga bakin ma'aikaciyar asibiti muka ji."

Ya ci. Lafiyarsa ƙalau yanzu, yana hawa bene ba haki, jininsa ya yi kyau har likita ya yaba wa Inna. Sai dai ya koma aski wurin wanzamin nan da ake zargin a wurinsa ya ɗauko makenkero, duk da akwai wani sabon shago mai tsabta kusa da gida. Na tambaye shi dalili, ya ce mutumin yana da hannu mai sauƙi.